Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mutanen Ranar Asabar

A makon jiya mun tsaya ne a inda na ajiye aikin koyarwa na dawo gida unguwar Gangare a Jos, ba aikin fari balle na baƙi. Wanda ya tashe ni daga wannan zama wani tsohon ɗalibina ne da ya karanta zanen gine-gine. Bayan sallar Juma'a ya tare ni, ya rusuna ya gaishe ni, sannan ya ce, "Malam, muna da 'yar ƙungiya, duk Asabar muna zagaya tsofaffin gidajen Jos muna aunawa, muna ɗaukar hoto, muna rubuta tarihinsu kafin a rushe su. To amma mu yara ne, dattawa ba sa sakin jiki da mu. Ku ne za a shimfiɗa wa tabarma."

Ƙungiyar ba ta da ofis, ba ta da asusu. Amma a cikinta na tarar da Bahaushe da Birom da Ngas da Ibo suna cin gyaɗa a faranti ɗaya. Duk wanda ya zauna a Jos bayan rikicin 2001, ya ga yadda unguwanni suka rabu, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A inuwar bishiyoyin gidan tarihi muke haɗuwa, wanda Baturen nan mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya kafa aka buɗe a 1952. A can ake ajiye da mutum-mutumin Nok, na yumɓu na mutanen da, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tono irinsu a 1928. Ni dai abin da ya riƙe ni shi ne ɓangaren gine-ginen gargajiya da wani mutumin Poland, Zbigniew Dmochowski, ya tsara, inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Na tsaya ƙarƙashin bakan gizon nan na rufin masallacin na ɗaga kai, ƙasa ce da azara kawai, babu rodi ko ɗaya, sai da gabana ya faɗi don kwarjini.

A nan yaran suka haɗa ni da wani tsohon magini da muke kira Baba. Shi ya canza mini tunani. Da na nuna masa littafin da muke rubuta awon gidaje, ya jujjuya shi ya miƙo mini. "Malam," in ji shi, "takarda ba ta tare ruwan sama. Ginin ƙasa yaɓe yake ci duk shekara. Ranar da aka rasa mai yaɓe, ranar gidan ya fara mutuwa."

Gaskiya ya faɗa. Daminar Jos ba irin ta Kano ba ce, ruwa ne mai yawa kuma mai daɗewa. Idan indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta jiƙe, ƙarshenta rufi ya rufta. Baba ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla: yadda ake cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa kafin a mulmula tubali, yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba mai ƙara wa yaɓe ƙarfi, yadda ake haɗa laso da katsin marina da gashin jima da dafara, a shafe soro da shi ruwa ya riƙa zamewa. Da na tambaye shi wa ya gaje shi, sai ya ce 'ya'yansa duk bulo suke bugawa. Ban ga laifinsu ba, a nan abinci yake. Amma tun daga ranar na matsa wa yaran lamba cewa duk gidan da muka auna, mu nemo saurayi ko da ɗaya ne ya tsaya bayan Baba ya koyi yaɓe, mu kuma mu yi karo-karo mu biya shi ladan yini.

Wani abin da ban faɗa musu da wuri ba shi ne, cikin gidajen da ke jerin sunayensu har da namu. Kakana ne ya gina zauren. An kawo shi Jos a ɗiban gwamna, lokacin da Turawa suka tilasta wa dubban talakawan Arewa aikin kuza daga 1942, bayan Japan ta kame Malaya. Da yawa sanyin dutse da yunwa suka kashe su. Shi Allah ya raya shi, ya zauna, ya tara kwabo-kwabo ya tayar da zauren nan da zankwayensa.

Muna cikin shirin yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka, sai yayana ya aiko a kira ni da daddare. Na same shi zaune da wani dillali, ga takarda a gabansu. Ya ce, "Zauna, ƙanena. Magada sun yi magana, an samu mai saye, shaguna zai yi."

Abin da ya gudana a zauren nan a daren, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.