Maki 10 bisa 20 da littafin shagon Katako

Na yi shekaru ina koyar da lissafin kuɗin kasuwanci a wata babbar makaranta a nan Yamai, kuma ban taɓa shakkar jan alƙalamina ba sai a zangon karatun da ya wuce. Wani aminina da yake sayar da siminti da ƙarfen gini a kasuwar Katako ya ba ni aron tsohon littafin shagonsa, wanda yaronsa yake rubuta shige da ficen kaya a ciki, haɗe da damin rasit da ba a jera ba. Na rufe sunan shagon, na kwafe shafukan, na raba wa ɗaliban shekara ta uku, na ce su gaya mini ko mai shagon ya ci riba a wannan watan ko kuwa ya faɗi.

Ɗalibar da ta fi kowa maki a jarrabawar da na ba su a baya ta daɗe tana jujjuya takardun, can sai ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ai ba a ba mu irin wannan a polikopi ba.” Gaskiya ta faɗa, kuma laifin ba nata ba ne. Ni ne na saba tsara tambayoyina daga polikopin, wato takardun darasin da na buga musu, in canza alƙaluma kawai, ta yadda duk wanda ya haddace hanyar zai wuce ko da bai san dalilin da ya sa ake bin ta ba. Makin da na ba ta ya auna haddarta daidai, amma bai gaya mini ko za ta iya zama gaban ɗan kasuwa ta raba masa jari da riba, ko ta gane cewa kayan da aka fitar bashi ba kuɗi ba ne a hannu.

Tsarin da muke bi a yau, wato lisansi da masta da daktora, wanda ake taƙaitawa da LMD, ya samo asali ne daga gyaran da ƙasashen Turai suka fara a birnin Bolonya na Italiya a 1999, kuma UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Yammacin Afirka, ta amince da shi ga jami'o'in ƙasashenta a 2007. A takarda tsarin yana da kyau. Lisansi shekara 3 ce, zango 6, kowane zango yana da kiredi 30 (ma'aunin nauyin karatu ke nan), jimilla 180, sannan masta ta ƙara 120. Ana so kowane darasi ya bayyana tun farko abin da ɗalibi zai iya yi idan ya gama shi, kuma a riƙa gwada shi a cikin zango, kada a jira jarrabawar ƙarshe ita kaɗai. Sai dai malamin da yake gaban ɗaruruwan ɗalibai a anfi, wato babban zauren lacca, ga shekarar karatu da yajin aiki ya ci rabinta, yakan koma ga abin da ya fi saurin gyaruwa, wato tambayar da amsarta ɗaya ce tak.

Abin da ya fi damuna a cikin tsarin shi ne yadda maki yake rufe wa maki asiri. Idan darussa biyu masu nauyi ɗaya suna cikin rukuni guda, ɗalibi ya sami 14 a ɗaya, ya sami 6 a ɗayan, matsakaicinsa ya zama 10 bisa 20, ya wuce ke nan. Babu wanda zai tsaya ya tambaya ko wannan 6 ɗin a kan ginshiƙin sana'ar ya same shi. A zaman tantance sakamako kuma, inda malamai suke duba jerin sunaye, wanda ya tsaya kusa da 10 yakan sami tausayi, ni ma na sha ɗaga hannu don a cika wa wani, domin na san kuɗin da iyayensa suka kashe daga ƙauye. Ban yi nadamar tausayin ba, amma na lura cewa muna kwashe sa'o'i muna muhawara a kan rabin maki na mutum ɗaya, ba mu taɓa ware ko rabin sa'a mu tambayi kanmu me ya sa aji guda yake faɗuwa a wuri ɗaya kowace shekara ba.

Wannan tambayar ita ce auna shirin karatu kansa, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A nan Yamai aka kafa CAMES, majalisar kula da ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, a 1968, ko da yake mazauninta yana Wagadugu, kuma cikin ayyukanta akwai tantance takardun shaidar da jami'o'in ƙasashe mambobinta suke bayarwa. Makaranta takan fara rubuta rahoton binciken kanta, sannan masana daga waje su duba malamai da manhaja da ɗakunan karatu. Buƙatar irin wannan awo ta ƙaru ƙwarai, domin Jami'ar Abdou Moumouni, wadda ta fara a 1971, ta daɗe tana ɗauke da kusan dukkan nauyin karatun jami'a na ƙasar nan, kafin a buɗe jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, sannan na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014, ban da makarantu masu zaman kansu da suka cika gari. Mai ɗaukar ma'aikaci yana da haƙƙin sanin cewa lisansin Tawa da na Yamai nauyinsu ɗaya.

Duk da haka, a ganina rahoton da ake shiryawa don baƙi masu zuwa bincike bai kai amfanin tambayoyin da za mu iya yi da kanmu ba tare da kashe ko dala ba. Ina waɗanda muka yaye shekara uku da suka wuce, kuma wane aiki suke yi? Me shugabannin wuraren da suka yi horon aiki suka ce game da su? Akwai kuma jin ra'ayin ɗalibai game da koyarwarmu, wanda yake da wuya a al'adarmu, tun da yaron da aka tarbiyyantar a kan cewa malami uba ne ba zai dubi idonka ya ce darasinka bai shiga ba. Da na raba musu takarda na ce kada kowa ya rubuta sunansa, sai ga shi da yawansu sun rubuta abu guda, cewa ina saurin wuce misalai.

A zangon nan na rage babi biyu daga darasina domin a sami lokacin aiki da takardun gaske, kuma na sanar da ɗalibai tun ranar farko cewa rabin makinsu zai fito ne daga irin littafin nan. Aminina na Katako ya riga ya yi mini alkawarin littafin bara, da sharaɗin cewa duk wanda ya gano inda kuɗin buhunan siminti suka maƙale ya zo shago ya nuna masa.