Kan ɗiyata da kuɗin hular gyara

Lokacin da ɗiyata ta cika wata huɗu, kakarta ce ta fara lura, tana gasa mata kai da tsumma a ruwan ɗumi, cewa ƙeyarta ta baje ta gefen dama. Muka kai ta asibiti a nan Garwa, likita ya shafa kan, ya ce ƙashin jariri yana da taushi, kuma yawan kwanciya a gefe ɗaya ne ya danne shi, amma ƙwaƙwalwarta lafiya lau.

Na tambaye shi batun hular da ake sa wa jarirai a Turai don gyara siffar kai, wadda ake sawa kusan awa 23 a rana har tsawon watanni. Ya ce ko a Ingila asibitocin gwamnati ba su cika biyan kuɗinta ba, domin binciken da aka wallafa daga Holan a 2014 bai nuna ta fi barin kan ya gyaru da kansa ba.

Da farko na ji haushi, daga baya na huce. Takardar Chèque Santé, wato ta tallafin gwamnatin Kamaru ga masu juna biyu, da muka saya jaka shida, ta ɗauki nauyin awo da haihuwa, har kwana 42 bayan haihuwa, kuma a ganina gara kuɗin gwamnati ya tsaya a nan da wajen zazzaɓin cizon sauro. Abin da nake roƙo kawai shi ne a riƙa duba kan jariri ranar rigakafi.

Yanzu muna juya mata kai idan ta yi barci a rigingine, muna kifa ta idan tana farke muna kallo, mahaifiyarta kuma ta ƙara yawan goyo.