Katin Japananci ba jumla, rabin kati ne

Da na fara koyon Japananci kalma ɗai-ɗai nake zubawa a Anki, wata manhajar katunan hadda, gaban kati kalmar, bayansa ma'anarta, shikenan. Kullum bayan asuba in ɗau waya in yi ta latsawa, kuma wallahi gani nake ina ci gaba sosai, don manhajar tana dawo maka da kati daidai lokacin da kake dab da manta shi, dama sunan ma anki a Japananci hadda yake nufi.

Kalmar kakeru ce ta farkar da ni. A katina na rubuta "ratayewa", na haddace tsaf. Sai ga ni ina karatu na ci karo da denwa o kakeru wato buga waya, can gaba kagi o kakeru kulle ƙofa da makulli, megane o kakeru kuma sa tabarau. Kamar dai ka ba baƙo kati ka ce masa "ci" na nufin cin abinci kawai, ya shiga gari ya ji ana cin kasuwa ana cin bashi ana cin jarrabawa har da cin mutunci, ina zai kama? A ranar na gane ko wane kati yana buƙatar jumlar misali.

To matsalar a lokacin katunana sun haura 800, kuma in ka ce sai ka buɗe Jisho, ƙamus ɗin Japananci na intanet, ka nemo jumla ka kwafo ka liƙa ɗaya bayan ɗaya ai karatun ma ba za ka yi ba. Sai na samu wani ɗan ƙari da ake ɗorawa a Anki na kwamfuta, shi ne zai duba kalmar da ke katin ya je rumbun jumloli ya kwaso masu ɗauke da ita ya cika maka da kansa. Rumbun na Tatoeba ne wanda Trang Ho ta fara a 2006, sunan na nufin "alal misali". Yawancin tsofaffin jumlolinsa na Japananci daga tarin Farfesa Yasuhito Tanaka na jami'ar Hyogo suka fito, shi ne ya sa ɗalibansa ko wanne ya kawo jumla 300 da fassararta ta Turanci har suka tara sama da dubu 200. Cikin 'yan mintuna duk katunan suka cika, na ji daɗi ba kaɗan ba.

Kwana uku na fara ganin abin da ke ciki. Katin 本, hon, littafi kenan, na juya shi sai ga jumloli biyar, ba littafi ko a ɗaya. Uku maganar 日本 suke wato ƙasar Japan, biyu kuma 本当, gaskiya. Dalili shi ne Japananci ba a barin fili tsakanin kalmomi, rubutun a manne yake tun daga farko har aya, to na'urar harafin kawai ta gani ta ɗauko. Fi'ili kuma akasin haka, ka nemi 食べる ci, jumlar da aka ce 食べた wato an ci, ko 食べません ba a ci, sai ta wuce ta don ƙarshen ya canza. Daga baya na san akwai MeCab wanda ke yanka jumla kalma-kalma ya mayar da fi'ili asalinsa, in binciken ya bi ta nan wannan matsalar tana raguwa sosai.

Amma akwai wadda na'ura ba ta iya gyara min ba. Jumla za ta zo daidai, kalmar tana ciki, sai dai akwai wasu kalmomi huɗu da ban taɓa gani ba, ga kanji, wato haruffan Japananci da aka aro daga Sinanci, da ban san karatunsu ba, sai idona ya tsallake ya tafi kan fassarar Turanci in latsa in wuce, na yi makonni a haka ina zaton karatu nake. Ga kuma wasu jumlolin da ɗalibai ne suka fassaro su daga Turanci, nahawu lafiya lau amma ba haka mutanen Japan ke magana ba.

Yanzu na bar na'urar ta kawo biyar ɗin, ni kuma in zaɓi guda ɗaya tak, wadda na san komai a cikinta in ban da kalmar da nake koya, sauran in goge. In babu mai kyau sai in bar katin a haka har in haɗu da kalmar da kaina, galibi a labaran NHK, gidan rediyo da talabijin na Japan, masu sauƙin Japananci, in ɗora linzamin kwamfuta a kanta Yomitan, wani ƙamus da ake ɗorawa a burauza, ya nuna ma'ana, latsawa ɗaya AnkiConnect, ƙarin da ke haɗa shi da Anki, ya tura kalmar da jumlarta cikin Anki. Irin waɗannan sun fi zama a kaina don ina tuna labarin da suka fito. Fassarar kuma da Hausa nake sake rubutawa da hannuna, a nan nake gane ko na fahimta ko a'a.

Sababbin katuna sun ragu daga 30 a rana zuwa 10. Kakeru kuma yanzu kati biyar gare shi, na ratayewa daban, na waya daban, na makulli daban, na tabarau daban, jiya na ƙara na jikan o kakeru, ɗaukar lokaci a kan abu.