Kafin ki tattara kaya ki gudu gidan Yaya

Ina da shekara 15 na gudu daga gidanmu. Bayan rasuwar Ummanmu zama ya ƙi daɗi tsakanina da matar baba, kullum faɗa kullum gori, shi kuma baba in na kai ƙara sai ya ce in yi haƙuri. Wata asuba na zuba kayana a leda na ɗau kuɗin adashena na shiga mota daga Kano zuwa Kaduna gidan Yayata, ban faɗa ma kowa ba, ita kanta Yayar sai ganina ta yi a ƙofa.

Kwana uku tsakani aka zo aka tafi da mijinta caji ofis, wallahi har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, tausayi kawai ya sa ya bar ni na kwana. Lokacin ban san cewa a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, ɗauke yarinyar da ba ta kai 16 ba ko yaron da bai kai 14 ba daga hannun waliyyinsu ba da izini ba laifin satar mutum ne, kuma ko da ƙafarki kika je sai wanda ya ajiye ki ya sha tambayoyi kafin a gane gaskiya. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, Kano ta sa hannu a tata a 2023. To kin ga ba ke kaɗai za ki yanke inda za ki zauna ba.

Abin da ya fi min ciwo shi ne ashe akwai hanya, ni ce ban tambaya ba. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a namu ke bi akwai abin da ake kira hadana, wato haƙƙin riƙon yaro, in uwa ba ta nan kaka ta wajen uwa ce a gaba, ƴan uwan uwa mata ma suna gaban uba, yaya mace ita ma tana cikin jerin, kuma mace ana riƙe ta har ta tare gidan miji, namiji har ya balaga, ci da sutura kuma suna nan a wuyan uba ko a gidan wa kike. Kakata tana raye lokacin fa! Kamata ya yi in fara zuwa wajenta in yi kukana, ita da kawu su samu baba, in ya ƙi a je wajen mai unguwa, in abin ya gagara akwai ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, akwai Hisbah da ke sulhun iyali, akwai alƙali. Lauya ma ba sai da kuɗi ba, ƙungiyar lauyoyi mata FIDA da hukumar Legal Aid suna taimaka ma marasa hali.

A ƙarshe hakan dai aka yi, amma bayan an ɓata. Aka zauna gaban mai unguwa, baba ya amince in zauna wajen Yaya, aka rubuta a takarda shaidu suka sa hannu, har da wanda zai biya kuɗin makaranta. Dan Allah ki dage a rubuta ɗin nan, maganar baki tana canzawa. Ki karɓi takardar haihuwarki da ta canjin makaranta tun a zaman, ni rashinsu ne ya sa na yi asarar shekara guda cur a gida.

Amma ƙanwata, ƙanina, in dukan da ake maka ya kai jini, ko wani a gidan yana taɓa jikinki, wannan ba maganar jiran zaman sulhu ba ce. Ki fita. Sai dai duk babban da kika faɗa hannunsa, ki roƙe shi ya kai ki asibiti da wajen hukuma a ranar, a rubuta cewa kina wajensa da dalilin zuwanki, kafin wani ya riga ku kai ƙara.