Ayabar da na kai wa babakoto

Gaskiya da aka ce mu fito da sassafe mu shiga daji sai da na yi tsaki a raina, ga sanyi ga yayyafi, ga gajiyar jiya, don daga Antananarivo, babban birnin Madagaska, zuwa garin Andasibe kilomita kamar 140 ne amma mun kusa awa 4 a hanya saboda kwane-kwane da manyan motoci. Ina cikin ƙunƙuni kawai muka ji wani kuka daga saman itatuwa kamar jiniya kamar kukan mutum, wlh tsigar jikina ta tashi. Jagoranmu ya ce indri ke nan, su mutanen yankin babakoto suke ce masa, shi ne mafi girma cikin dabbobin da ake kira lemur da suka rage a duniya kuma in ba Madagaska ba babu inda za ka gan shi. Ya yi kama da biri amma ba biri ba ne, baƙi da fari, jelar ɗan guntu.

Wautata ta farko silifas na sa, matsattsaku suka yi biki a ƙafata. Ta biyu ayaba na ɓoyo a jaka wai zan jawo shi kusa in ɗau hoto. Mutumin ya yi ta dariya, ya ce ɗan'uwa wannan ganye yake ci, ganyayen dajin nan kala-kala, shi ya sa ba ya rayuwa a gidan zu, in an kulle shi mutuwa yake. Ni na cinye ayabata.

Abin da ya tsaya min shi ne macen ɗa ɗaya take haifa, shi ma sai bayan shekara 2 ko 3, to in daji ya ƙone yaushe za su mayar da gurbi? A al'adar mutanen yankin kashe shi fady ne, wato abin ƙi ne, amma dajin kam ana sarewa a ƙona don shuka shinkafar tudu, tavy suke kira, ga kuma gawayi. Da na fara zagin masu ƙonawa sai jagoran ya ce babansa ma haka ya ciyar da su. Bakina ya mutu.

Washegari na bi 'yan ƙungiyar Mitsinjo wurin rainon dashe, itatuwan asalin dajin suke shukawa don haɗa guntayen dajin da suka rabu. Na dasa 6, ɗaya ma a karkace, wata dattijuwa ta tuge ta gyara ba ta ce min uffan ba.