Kwanon Kaka da miyar kuka

Watana bakwai da zuwa birnin Columbus na Amurka na fasa kwanon da ya girme ni, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Aikin kula da tsofaffi nake yi. Tsohuwar da nake zuwa wurinta ta haura tamanin, ita kaɗai a gida mai ɗaki huɗu, 'ya'ya kowa na jiharsa, sai waya ranar Lahadi. Ta nace in riƙa kiranta da sunanta, ni kuwa bakina ya ƙi kama sunan sa'ar kakata gatsal, sai na laƙaba mata Kaka. A falonta akwai kabet cike da kwanuka farare tas kamar kindirmo. Na ɗauka tangaran ne, ta ce a'a, gilashi ne, gilashin madara suke ce masa. Ranar farko da na gan su sai da na juya baya na share hawaye, domin jeren Innarmu na gani a ɗakinta na Fagge.

Ana gab da Kirsimeti ta ciro guda ta ba ni. Jikinsa duk ƙuraje-ƙuraje ne a jere, bakinsa a lanƙwashe kamar bakin leshi. Ta ce kyautar aurenta ce tun shekarun 1950. Na yi godiya har da rusunawa.

Ni da na tashi a ɗakin da taɓa jere ke jawo ranƙwashi, ai bai kamata a koya mini ba. Amma abokan maigida suka zo mana wata Asabar, ga shi duk kwanukana na roba ne, sai na ce bari in fita kunya. Na ɗauko kwanon daga jikin taga, ya sha sanyin hunturu, na juye miyar kuka tana tafasa. Tas! Ya rabe biyu. Miya ta bi tebur ta sauka a kan shaddar baƙo. Maigida ya ce, "Ba komai, Allah ya tsare gaba," amma ko kallona bai yi ba.

Ranar Litinin Kaka ta tambaye ni inda na ajiye shi. Na ce yana nan lafiya lau. Allah ya yafe mini.

Daga nan na shiga yawon shagunan gwanjo da na kayan da, ɓallen kwanon a cikin jaka. A can na lura mutanen nan ba sa duba fuskar kwano, kifa shi suke su duba gindi. Wani dattijo mai shago da ya gaji da ganina ya zaunar da ni ya koya mini. In ka ga hoton anga ko rubutun Fire-King, na kamfanin Anchor Hocking ne, masana'antarsu na Lancaster, nan kusa da mu, kuma a 1942 suka fara Fire-King ɗin. Shi kam don zafi aka yi shi, da shi na samu da miyata ba ta zube ba. In H ce babba da ƙaramar A a ƙarƙashinta, Hazel-Atlas ne, ko da yake mutane da yawa na kuskure su ce Anchor Hocking. F a cikin garkuwa Federal ne, a Columbus ɗin nan ma aka yi su kafin a rufe a 1979. W da G a sarƙe Westmoreland ne na Pennsylvania, su kuma 1984 suka rufe. Ya ɗaga wani tsohon faranti saitin fitila, sai ga gefensa ya yi ja-ja da shuɗi-shuɗi kamar bakin garwashi. Ya ce yawanci na ƙarni na 19 ne ke yin haka, saboda tokar ƙashi da ake zubawa a narkakken gilashin, na baya-bayan nan kuwa fari ne kawai ƙirin.

Da ya ga ɓallena ya ce kusan tabbas Fenton ne, na Williamstown a West Virginia, waɗanda suka fara fitar da mai ƙurajen nan fari a 1950. Na ado ne, ba na girki ba. Ya faɗi wani abu game da tambari, ni kuwa hankalina na kan farashi.

Sai da azumi ya kusa ƙarewa na samu irinsa sak, har lanƙwasar bakin. Na biya ba tare da na yi tayi ba, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Ranar Sallah na cika shi da dubulan na kai wa Kaka, wai ta ga kwanonta na raye. Ta ci biyu, ta yaba, ta juye sauran a faranti. Idonta ya yi rauni, don haka da babban yatsa ta shafa gindin kwanon. Ta sake shafawa. Ta ce, "Nawa ba shi da rubutu."

Ashe kafin 1970 takarda kawai Fenton ke mannawa, in ta sha wanki ta tafi. Daga 1970 suka fara buga sunansu a jikin gilashin cikin wani zagaye mai siffar ƙwai, a shekarun 1980 kuma suka ƙara ɗan ƙaramin 8 a ƙasan sunan. Nawa har da takwas ɗin. Na ɗauko ɗa na ce uwa ce. Na durƙusa na faɗi gaskiya daga miya har shadda, Kaka ta yi dariya har da tari, ta ce ita ma ta taɓa fasa na surukarta. Wallahi da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Yanzu dai ko a duhu aka miƙo mini farin kwano zan shafa in yi hasashe, har wata Baturiya ta taɓa tambayata a shago ko a nan nake aiki. Na ji daɗi ba kaɗan ba. Sai dai a mota ina komawa gida na tuna ban san sunan ko ɗaya daga kwanukan uwata ba.

Inna ta rasu ina nan, takarduna ba su fito ba, ban samu jana'iza ba, ban samu sadakar arba'in ba. Aka raba jeren ba ni. Langa da samira da fanteka, da kumbunan da take gogewa duk jajibirin Sallah tana mita, kowa ya ja nasa. A wani hoto da aka turo na hango langar da ake sa mana alkaki a ciki, matar ƙanena ta mayar da ita mazubin ruwan kaji. Ban ce komai ba, kada a ce na je Amurka na fara raina mutane.

Akwai wasu fararen farantai masu furanni da Baba ya sayo mata daga Maraɗi, su na fi tunawa. Na kira Yaya na ce, "Yaya, don Allah ki kifa ɗaya ki karanto mini." Ta ce, "Ke yanzu duk faɗin Amurkar nan gindin kwano kika je gani?" Ta nemo tabarau ta karanto da kyar: Arcopal, Faransa. Ashe gilashin madara muka tashi muna kallo muna ce masa tangaran.

Na roƙe ta ta ware mini biyu, ta naɗe a tsohon zanen Inna har a samu mai zuwa. Ta ce uku suka rage, ɗaya ya tsage, ɗaya kuma da shi take rufe tukunyar ruwa.