Hujin shigar kebul: inda akwatin lantarki ke fara lalacewa

Akwatin lantarki da aka rubuta wa IP65 a kwali, wato lambar kariyarsa daga ƙura da ruwa, idan aka huda shi aka zura kebul tsirara, ya zama IP ba komai. Lambar farko, 6, tana nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan, 5 kuwa ruwan feshi ne ba ya ratsawa. Daga Garwa zuwa Marwa har Kusiri da Njamena, lambar farkon ce ta fi damun mu, don hazon hunturu na shiga duk inda iska ta samu hanya, ya kwanta a kan kontakta, makunnin da ke haɗa wuta da yanke ta. Sai kuma ƙadangare da zanzaro, masu mayar da huji ɗaya gida. Saboda haka mariƙin kebul, abin da ake ɗaurawa a huji ya damƙe kebul ya toshe kafa, wanda ake saye a shago da sunan presse-étoupe, kada lambarsa ta gaza ta akwatin.

Yawancin ɓarna daga awo take farawa. Mutum ya je shago ya ce a ba shi mariƙi "na 2.5". Wannan kaurin tagullar ciki ne, shi kuwa mariƙi fatar waje yake kamawa. A auna kaurin kebul ɗin daga waje da ma'aunin kauri, a milimita. Mariƙi mai zaren M16 yakan kama wajen 5 zuwa 10, M20 wajen 6 zuwa 12, amma kowane kamfani da nasa iyaka, a duba jikin leda. A zaɓi wanda kebul zai faɗa tsakiyar iyakarsa. Idan kebul ya yi sirari, ko an ɗaure har ƙarshe robar ba ta rungume shi. Naɗa salatef don cike giɓin aikin banza ne, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 zai narkar da gam ɗin ya zame. Kebul biyu a mariƙi ɗaya ma haka, dole a bar kafa a tsakaninsu, sai in an sa roba mai huji biyu.

Zare ma akwai tarko. Tsofaffin injinan Turai suna zuwa da zaren PG, sababbi da M, na Amurka da NPT. PG13.5 da M20 a ido kamar tagwaye suke, faɗin zarensu milimita 20.4 da 20, amma tazarar zarensu ba ɗaya ba ce. Zai hau zagaye biyu ko uku ya cije, in aka tilasta masa zaren ya cinye. A kan farantin akwati, hujin M20 milimita 20.5 ya isa. A goge bakinsa, a share garin ƙarfen da ya zuba ciki, zoben roba ta waje, noti ta ciki. Wajen ɗaurewa sifana biyu: ɗaya ta riƙe jiki, ɗaya ta juya hula, kada kebul ya murɗe.

Na roba ko na ƙarfe? A cikin ɗaki na roba ya wadatar. A rana, fari ko ruwan toka da ba a yi shi don rana ba yana bushewa ya tsage, gara baƙi mai jure hasken rana ko na tagulla. Kebul mai sulken ƙarfe, irin RVFV da ake binnewa, yana bukatar mariƙin ƙarfe mai damƙe sulken, a haɗa shi da wayar ƙasa. Wuta ba ta ratsa fentin akwati, don haka a sa washa mai haƙora ko a ja waya daga mariƙin zuwa sandar ƙasa. Tsakanin na'urar sauya gudun mota da famfon burtsatse, in kebul mai ragar ƙarfe a ƙarƙashin fatarsa ne, a nemi mariƙin da ake kira EMC, mai taɓa ragar ta kowane gefe.

Wanda ya fi haɗari shi ne manyan wayoyi masu ƙwaya ɗaiɗai. In kowace faz, wato kowace wayar wuta, ta bi hujinta a farantin baƙin ƙarfe, maganaɗisun wutar yana dumama farantin har fatar waya ta gasu, alhali ba fis ɗin da zai tsinke. Ko dai duka su bi huji ɗaya, ko a sa farantin alminiyum, ko a tsaga ƙarfen tsakanin hujojin.

Kebul ya shiga ta ƙasan akwati, a bar masa ɗan lanƙwasa ƙasa don ruwan damina ya ɗiga kafin ya kai mariƙi. Duk hujin da ba a yi amfani da shi ba a toshe da marfi mai zare, ba tsumma ba. Akwatin da ke tsaye a rana yana zafi da yini ya huce da dare, yana zuƙo iska mai laima ta kowace kafa, ruwa ya taru a ciki. Ɗan marfin numfashi guda a gefe, can ƙasa, yana rage wannan. A wurin gurzar auduga ko injin niƙa, inda ƙurar kanta ke iya kama wuta, in an ware wurin a matsayin mai haɗarin fashewa, mariƙi mai alamar Ex kaɗai za a ɗaura.